Maɓallin Jitar Hamza

Ku 'yan yanzu, in kun ga mutum ya ɗauki mafak ya murɗa ƙusa sau uku ya miƙa wa mai kaya abinsa, sai ku ce ai wanga ba aiki ba ne, kowa ma ya iya. To ku zauna in ba ku labarin ƙusa guda, wadda tsawonta bai kai ɗan ƙaramin yatsana ba, amma ta kusa rufe sana'ar gidanmu.

Sunana Hajara, ɗiyar Umaru najjar, wato kafinta. Ƙauyenmu na bakin kogi ne, ba nisa da garin Suki, in ka hau jaki da safe kana isa kafin rana ta yi zafi. Rubutun ga da kuke gani sai da na yi jikoki na koye shi a ajin manya, don haka in layi ya karkace ku yi haƙuri da shi. Aikin itace kuwa sau ɗaya ya taɓa karkacewa a hannuna, shi ne zan faɗa.

Baba ba shi da ɗa namiji da ya rayu. Ina shekara tara ya ce in riƙe masa ƙafar angarib, gadon nan namu na itace da igiya, yana sassaƙa ta. Daga riƙo sai wasa ƙarfe. Shekara biyu ban yi komai ba sai wasa gizago a dutse da juya gwangwanin gira. Gira danƙo ce ta fatar shanu, ana sayo ta a kasuwar Suki kamar guntun sabulu mai duhu. A jiƙa ta ta kwana, a ɗora gwangwaninta cikin wani gwangwanin mai ruwan zafi. In ta tafasa ta mutu. In ta huce ta ƙi shiga itace. Ranƙwashin da na sha a kan tafasa gira, har yanzu in na shafa kaina ina jin wurin. Kayan aikinmu duka buhu ɗaya ke ɗauke su: gizago biyu, zarto, guduma, basilla, barrima ta huda rami, da mafak guda na murɗa ƙusa. Ba mu da abin awo. Babban yatsan Baba shi ne awo, kuma bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Gado muke yi da ƙofa da ƙotar hauya da kujerar tsakar gida. Makaɗa ma suna zuwa, mai goge wuyan gogensa ya tsage, mai gurmi sandarsa ta kwance. Duk cikin masu kawo aiki babu masu gaggawa kamar makaɗa. Kullum bikinsu gobe ne.

Anka yi mini aure na bar sana'a shekara goma sha. Da mijina ya rasu na komo gida da 'ya'ya mata biyu, a shekarar da tsutsa ta cinye auduga. Masu hawasha, gonakin nan na ban ruwa, ba su samu abin kirki ba, kuma wanda bai samu auduga ba ba ya yin sabon gado. Gadon ƙarfe kuma ya fara zuwa a kan lori. Sannan farar yana ta rufe idon Baba, har ya zama hasken ƙofa kaɗai yake gani.

Ga yadda munka yi. Baba zai zauna a rakuba, rumfar da ke ƙofar gida, ya karɓi aiki, ya shafa shi da hannu, ya ce wa mai shi ya dawo jibi. In mutumin ya tafi sai ya turo mini ta ƙarƙashin zana. Ni ke yi a ciki. Mai wucewa in ya ji ƙarar gizago sai ya ce Umaru na aiki. In na ji sallama a rakuba sai in ajiye gizago in ɗauki taɓarya in hau daka. Mutane sun san idon ya yi rauni, amma sun ɗauka hannun na nan. Dole munka ɓoye, don a ƙauyenmu ba wanda zai kai wa mace aikin itace. Ɗanjuma mai shago, wanda bakinsa ya fi na kowa tsawo, ya taɓa cewa gadon da mace ta haɗa ciwon baya yake sa wa namiji. Da an ji, duk aikin zai koma Suki, mu kuwa da shi muke ci, mu huɗu. Shekara biyu munka yi a haka.

Jitar ta zo mana da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona ƙafa. Hamza ne ya kawo ta, ɗan ƙauyenmu, wanda ya tafi aikin dam, madatsar ruwa, a Damazin ya zauna can, ya shiga cikin masu kiɗan zamani na kulob ɗin ma'aikata. Ina bayan zana na ji shi.

"Baba Umaru, amana na kawo maka. Ba tawa ba ce, ta kulob ce."

Baba ya karɓa ya shafa ta daga kai har gindi. "Mi ne ne wanga? Gurmi ne ya tafi birni ya yi ƙiba?"

"Jita ce, Baba. Mai kahraba, mai wutar lantarki. Ana haɗa ta da waya ta yi magana ta cikin akwati, a ji ta har ƙetaren kogi."

"In tana da murya haka, mi ya hana ta faɗi abin da ke damunta?"

Hamza ya yi dariya ya ɗora yatsan Baba a kan wurin. Ya ce gobe da la'asar zai bi lori, don Allah a taimaka.

Da ta shigo hannuna na duba ta sosai. Ja ce, katako ne zalla ba kogo a ciki, nauyinta kamar na jariri mai ƙiba. Mai kaɗa ta a tsaye yake yi, yana rataya ta a kafaɗa da maɗaurin fata. Maɗaurin kuwa maɓalli biyu ke riƙe da shi, 'yan ƙarafa masu wuya kamar ƙwayar gyaɗa, ɗaya a kafaɗar jitar, ɗaya a gindinta, kowane da ƙusa mai zare guda ɗaya da ta shiga katako. Duk nauyin nan, da duk rawar da makaɗi zai yi, a kan ƙusoshin nan biyu suke. Na kafaɗa shi ne ya kwance. Hamza ya yi ta murɗa shi duk lokacin da ya ji yana rawa, har ƙusar ta cinye naman katakon. Ramin ya yi faɗi, ƙusa na juyawa ba ta kama komai. Ya ma cusa zaren auduga a ciki, na zaro shi da basilla.

Baba ya shigo yana laluben bango ya ce mini a hankali, "Kar ki sa babbar ƙusa. Kafaɗar siririya ce, tsagewa za ta yi. Fere bagaruwa ki toshe ramin da gira, in ta bushe ki sake hudawa."

Na ce to.

Na ɗauko gwangwani na tarar da shi wayam. Girar ta ƙare a kan wata ƙofa tun shekaranjiya, kuma ni ce ya kamata in faɗa a sayo ban faɗa ba. Kasuwa sai bayan kwana uku. Hamza gobe zai tafi. Da na buɗe baki na gaya wa Baba, da faɗa zai yi mini na ɗan lokaci, a ce wa Hamza ya jira ko ya tafi da abinsa. Ban buɗe ba.

Ku kun san ƙaro a ƙasarmu. Kowane gida akwai shi a ƙwarya. Mata na tsinto shi daga jikin dakwara, malamai na sa shi a tawada, muna sa shi a wankin hula ta tsaya. Ba wanda ke ɗaukarsa wani abu. Na dama shi da kauri, na fere bagaruwa daidai ramin, na shafa, na buga. Da zafin bazarar nan kafin safiya ya bushe ƙam kamar kwalba. Na huda, na ɗaura maɓallin, na ja da ƙarfina bai motsa ba. Baba ya ja bai motsa ba. Hamza ya rataya ya yi tsalle a rakuba, ya yi godiya, ya bi lorinsa. Na ce a raina ashe ƙaro ma na yi.

Ƙaro na yi, amma da rani. Abin da ruwa ya narkar jiya zai narkar da shi gobe, kuma ni da ke dama shi a ƙwarya tun ina yarinya na fi kowa sanin haka.

Wata huɗu bayan nan, damina ta yi tsakiya, ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maza sun cika rakuba suna shan shayi da Baba kamar yadda sunka saba. Ɗanjuma na nan, liman na nan. Ina ciki ina tankaɗe. Sai na ji sallama wadda ba ta jira amsa ba, na ji an ajiye abu da ƙarfi a kan tabarma.

"Baba Umaru, ka cuce ni!"

"Wa ke nan? Hamza? Zauna ka sha shayi."

"Ba shayi na zo sha ba. Garin Abu Hujar munka je biki. Anka yi ruwa da safe, da la'asar munka fara, jama'a sun cika fili, ni ina gaba zufa na zuba. Sai abin nan ya fita fit, jita ta faɗi a kan katako. Ƙarar da akwatin ya yi, yara sunka watse, wata tsohuwa ta ɗauka aradu ce. Dubi gindinta, fenti ya ɓalle. Shugabanmu ya ce da wuyan ya karye da ni ma na bi shi. Ya tambaye ni wa ya gyara, na ce Umaru najjar. Ya ce wai makahon nan?"

Na leƙa ta ramin zana.

Ɗanjuma ya ce, "Ai mu dama muna faɗi a ɓoye. Ido in ya tafi, hannu ba ya daɗewa. Malesh, ka yi haƙuri, Umaru, amma gaskiya ce."

Hamza ya ce, "Wallahi daga nan har Damazin ba makaɗin da zai sake kawo maka ko tsinke."

Baba ya ce a ba shi maɓallin. Guntun bagaruwar na maƙale a jikin ƙusar, ya fito gaba ɗaya kamar haƙorin da anka cire. Ya murza shi a yatsa, ya kai hanci, sannan ya ɗora a harshe. Na ga lokacin da ya gane. Bai juya wajen zana ba ko kaɗan.

Ya ce, "Ƙaro ne. Na yi kuskure. Tsufa ne, ɗana, ka yafe mini."

Mutumin da shekara arba'in ba a taɓa mayar masa da aiki ba. Na ajiye rariya, na ja mayafina, na ɗaga zana na fito.

Na ce, "Ƙarya yake yi. Ku gafarce ni, Liman, ubana ne amma ƙarya yake yi. Ya ce mini gira, ni na sa ƙaro ban gaya masa ba. Hamza, in zagi za ka yi ga ni, juyo nan."

Hamza ya buɗe baki. "Yaya Hajara, ke?"

"Ni. Shekara biyu duk abin da ya fita daga gidan ga hannuna ne."

Ɗanjuma ya tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Shi ya sa! Mace da gizago? Ai ga abin da ya haifar nan a gabanmu."

Ban kula shi ba tukuna. Na ce wa Hamza, "Ka ba ni kwana biyu. A nan zan yi, a gaban kowa. In ya sake fita ka je ka faɗi sunana duk inda kake so, amma nawa, ba na Baba ba."

Ya dubi jitar ya dubi hanya. Suki ma ba wanda ya taɓa gyara irinta, ya san haka. Ya ce to.

Yanzu ku saurara, ku masu cewa murɗa ƙusa ce kawai. Farko sai da na wanke ramin. Ƙaron da ya saura a ciki in ba a fitar da shi ba gira ba za ta kama katako ba, a kan ƙaro za ta zauna. Na naɗe auduga a kan tsinke, na tsoma a ruwan ɗumi, na goge, na sake, har audugar ta daina danƙo. Ba a zuba ruwa, akwai waya a cikin abin. Na ajiye ta kusa da murhu, ba a kan wuta ba, ta sha ɗumi yini guda, don da damina katako ba ya bushewa da kansa.

Washegari na nemo bagaruwa. Ba sabuwa ba, sabuwa tana da ruwa, in ta bushe za ta tsuke ta yi rawa a ramin. Ƙafar wani tsohon angarib na tsaga na ɗauki jan da ke tsakiya. Na fere shi ya ɗan fi ramin kauri kaɗan, bakinsa siriri, ina gwadawa ina ragewa har ya zama yana shiga rabi da hannu. Na yi masa 'yar tsaga a gefe don iska da ragowar gira su samu hanyar fita, in ba haka ba kana bugawa yana dawowa. Na ɗora gwangwani. Baba na zaune, ya ce, "Miƙo." Na miƙa masa tsinken da na juya girar da shi, ya shinshina ya lasa, ya tofar. Gira ba ta da daɗi. Ya ce, "Ci gaba."

Na shafa a ramin, na shafa a itacen, na buga da ƙotar guduma a hankali sau huɗu. Na goge abin da ya fito. Sannan na ce ba mai taɓa ta sai gobe war haka. Hamza ya ce ai ta bushe. Na ce samanta ya bushe, kai ma samanka kamar mai hankali.

Da lokaci ya yi na yanke kan itacen daidai da jikin jitar, na sa fata a gefe kar wuƙa ta karce fenti. Na sa basilla na yi alama a tsakiya. Na huda da barrima mafi siranta, ramin ya fi ƙusar ƙanƙanta, zurfinsa bai kai tsawonta ba da kaɗan. In ba ka huda ba, ƙusa za ta tsaga abin da ka toshe. In ka huda da faɗi, ka koma gidan jiya. Na goga kakin zuma a zaren ƙusar. Na yanka 'yar fatar akuya kamar kwabo na sa tsakanin maɓalli da katako, don ƙarfe kar ya ci fenti, kuma ta riƙe shi kar ya juya. Na murɗa har na ji ta tsaya, na cire hannu. A nan ne kowa ke ɓata aiki. Ƙusa ta ce ta isa, mutum ya ƙara mata rabin juyi don ya ji daɗi, ya cinye katakon da ya sha wahalar sawa.

Maza sun taru, har da waɗanda ba su da aiki a unguwar. Na rataya jitar a azarar rakuba da maɗaurinta, a kan maɓallin nan shi kaɗai. Na jiƙa tsumma na naɗe kafaɗar, don a ga ko danshi zai sake kwance shi. Sannan na ɗauko ɗan dutsen niƙa na ɗaure shi a gindinta ya yi lilo.

Hamza ya dafe kai. "Yaya Hajara, za ki kashe ni! Ta kulob ce!"

"Ka fi dutsen nan tsalle, ai na gan ka. Zauna."

Ba na ce ku yi wa kayan mutane haka ba. Ni ranar ba ni da wata shaida. Tun hantsi take rataye har anka kira azahar. Hamza bai tafi ko alwala ba sai da na sauke ta. Na miƙa wa Baba. Ya sa babban yatsansa ya tura maɓallin gabas, ya tura yamma, ya ja. Ya miƙa wa Hamza.

Ɗanjuma ya ce, "To, wanga ƙarfe ne da 'yar ƙusa. Gado daban ne. Ni dai bayana ba zai hau gadon mace ba."

Na ce, "Kawu Ɗanjuma, angarib ɗin da ka karɓa bara waccan da sallar layya, mai ƙafar bagaruwa, wanda kake ce wa baƙi su zauna su ji aikin Umaru?"

"Mi ya same shi?"

"Ni na yi shi tun daga sara har saƙar igiya. Yaya bayan?"

Liman ne ya fara dariya, shayi ya sarƙe shi. Wani ya ce shi ya sa Ɗanjuma ke makara sallar asuba, gadon ya yi masa daɗi. Ɗanjuma ya tashi ya ce ya bar shago ba kowa.

Ba zan ce muku washegari aiki ya cika gida ba. Mutum uku sun ɗauke nasu sun kai Suki. Sati biyu ba wanda ya zo sai wata mata da kujerar da ta rabu. Sannan liman ya aiko da ƙofar ɗakinsa, ya ce a kai wa Hajara, da sunana. Bayansa Hamza ya turo wani mai kiɗa daga Damazin da tasa jitar, ita ma maɓallin ne. Daga nan makaɗa sunka san hanya. Na gyara irinsa ban san adadi ba, har anka riƙa kawo mini daga Abu Hujar, garin da ta Hamza ta faɗi. Ɗanjuma bai taɓa kawo mini aiki ba har ya mutu, amma bai sayi gadon ƙarfe ba.

Ran da ƙofar liman ta zo, Baba ya ce in ɗauki tabarmarsa in kai masa bayan zana, wajen inuwar bango, ni in zauna a rakuba da buhun kaya. Haka munka musanya wuri. Bai taɓa tayar mini da maganar ƙaro ba, ko sau ɗaya. Amma daga ranar har ya rasu, duk lokacin da na ɗora gwangwani sai in ji muryarsa daga ciki.

"Hajara, miƙo."

In tura masa tsinken ta ƙarƙashin zana, ya lasa, ya tofar, sannan in ci gaba.